Ranar da Na Fitar da Fate

A unguwar da muka samu ɗaki a Batsari, namiji ba ya cin tuwon dare a cikin gida. Ana idar da sallar magariba kowa zai shiga ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a gindin bangon masallaci, a jera kwanuka a tsakiya. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Haka muka taso muna yi a ƙauyenmu ta wajen Wagini, haka kuma na tarar a nan. Ba mai tambayarka halin da gidanka ke ciki. Ba sai an tambaya ba, kwanon zai faɗa.

Mun baro ƙauye lokacin da daji ya lalace. Ba zan tsaya kan wannan ba, kowa a ƙasar nan yana da irin labarinsa, na wasu ya fi nawa muni. Gona tana can, ni ina nan. Abin da na fito da shi matata, da tukwane, da tsohon babur. Ɗiyarmu tana aure a Katsina da yara ƙanana a gabanta, ɗanmu namiji kuma ya yi kudu neman abinci, sai dai murya a waya. Muka kama ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida da aka kewaye da langa-langa. In ka shimfiɗa tabarma biyu wuri ya ƙare. Ranar kasuwa ina ɗaukar kaya da mutane a babur, sauran ranaku abin da Allah ya kawo.

Matata 'yar Zakka ce, ta ƙasar Safana, kuma haka nake kiranta tun tana amarya, 'yar Zakka. Ciwon ya fara mata tun muna ƙauye, a yatsu. Da safe sai ta tashi hannu ya sandare kamar ba nata ba. Daga yatsu ya hau wuyan hannu, ya sauka gwiwa. An sha sassaƙe, an yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi ƙaho. Da muka dawo gari na kai ta asibiti. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta duba ta, ta ce ciwon gaɓɓai ne, irin wanda ba ya tafiya, sai dai a lallaɓa shi. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce kada a kuskura a sha su ciki ba komai. Ta ce a rage gishiri da magi da mai, a yawaita ganye da wake. Sannan ta dube ni, ba ita ba, ta ce hannun nan ya daina daka, ya daina tuƙi.

Na ce to. Da muka fito 'yar Zakka ta ce, "Ita a gidansu da baki ake tuƙa tuwo?"

Ga abin da take tsoro. A wajenmu in ciwo ya kwantar da mace har ta kasa tukunya, danginta ke zuwa su ɗauke ta jinya. Ba mugunta ba ce, haka aka saba, in ba su zo ba ma a zage su. In zazzaɓi ne ko haihuwa, ta warke ta dawo ɗakinta. To wannan ciwon ba shi da ranar warkewa. Ta ga yadda aka yi da gwaggonta. Aka ɗauke ta jinya, aka sa ta a ɗakin baya kusa da rumbu, matan gida na miƙa mata kwano iya ƙoƙarinsu, mijinta na leƙowa sallah-sallah da goro a aljihu, har Allah ya karɓi abinsa. Yayan matata shi ne babba a gidansu yanzu, mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce a shirya ta, shiryawa za a yi. Hanyar Zakka kuma yanzu ba hanya ce da mutum zai ce bari in je in dawo ba. In ta tafi, ta tafi.

"Ni ba za a kai ni ɗakin baya ba, Malam," ta ce mani. "In mutuwar ce ma, a nan."

Abin da ya ƙara ɗaure mu, wanzamin unguwar, wanda muke ciyayya tare, matarsa ita ma mutuniyar Zakka ce. Abin da aka yi a unguwarmu da safe, kafin azahar an ji shi a can. Shi ya sa ko maƙwabciya matata ba ta yarda ta kama mata aiki ba. In sun shigo sai ta sa hannu cikin mayafi ta ce da sauƙi.

Wata rana na dawo bayan la'asar na tarar talge na tafasa yana tsalle, muciya a ƙasa, ita kuma tana zaune ta ɗora wuyan hannu a cinya. Ba kuka take ba. Kallon tukunyar kawai take.

"Sa sakata," ta ce.

Na sa.

"Wanke muciyar nan."

Na wanke na miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Ke, ni?"

"To wa? Akwai wani a gidan?"

"Ubana bai taɓa riƙe muciya ba."

"Ubanka matarsa na da hannu. Tuɓe rigar, za ta yi warin hayaƙi."

Haka na fara. Na tsuguna daga ni sai singileti, ina zuba gari tana cewa kaɗan-kaɗan, ba siminti kake kwaɓawa ba. Na yi noma tun ina yaro, na yi huɗa, na ɗauki buhu, amma ban san tuƙin tuwo aiki ne ba sai ran nan. Kafaɗa ta riƙe, hayaƙi ya cika ido, talge ya fallatso mani a hannu ya ɗaye fata.

Da aka zo kwashewa sai ta ce in matsa, malmala ita za ta yi da kanta. Tana da yadda take yi, irin na uwarta. Ta mulmula shi a ƙoƙo har ya yi sumul, sannan ta danna bayan marar kwasar tuwo a tsakiyarsa ya yi ɗan gurbi, wurin man shanu a zamanin da akwai man shanu. Duk wanda ya san tuwonta ya san gurbin nan. Ta ce in dai gurbin na fita, ba mai cewa ta kasa. Tana yi tana cije leɓe. Kafin ta cika kwano gumi ya jiƙa mata goshi.

Na fitar. Wanzami ya kai loma, ya tsaya, ya zaro gudaji daga baki ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Na Wagini, yau me ka yi wa uwargida? Tuwo har da 'ya'ya a ciki."

"Sarkin aska, ci ka yi shiru. Injin ne bai niƙa da kyau ba."

"To wannan ƙunar fa a hannunka?"

"Salansar babur ce."

"Salansa a hannu? Kai ta ƙasa kake hawan babur ɗin?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka jawo kwano na gaba.

Daga nan rayuwata ta koma tsakanin la'asar da magariba. Duk inda nake, rana na karkatawa sai hankalina ya koma gida. Ranar kasuwa, lokacin da ciniki ya watse kowa ke neman mai kai mashi kaya, lokacin ni nake juya kan babur gida. Mutum zai ce kai ni Karare, in ce mai ya ƙare. Abokan aiki suka fara cewa na yi arziki a ɓoye. Jana'iza in ta yi nisa ban zuwa. Niƙa ni ke kaiwa, in tsaya cikin mata da kwano a hannu ina kallon sama. Mai rama a kasuwa ta taɓa ce mani, "Malam, kai kau ka iya zaɓen ganye, ko mace sai haka." Ban sake saye wajenta ba.

In na shiga gida in sa sakata. In wani ya yi sallama ina tsakiyar tuƙi, sai in ajiye muciya, in goge hannu, in zura riga, in leƙa da fuskar wanda ya tashi daga barci. Wanzami ya taɓa tsayar da ni a ƙofa yana son aron famfon taya, ya kama labarin wani da ya yi wa aski, ni kuwa ina jin ƙauri na tasowa a bayana. Ya shaƙa ya ce, "Je ka gaya wa uwargida tuwonta na kamawa." Na ce to, zan gaya mata. Na zama ɓarawo a gidana, abin da nake sata kuwa aikin matata. Lokacin da nake wannan tsugunon, a ƙauye lokacin nake dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, iska na kaɗa ni. Nan ko sama sai ɗan abin da langa-langa ya bar mani.

Abin haushin, ba tuwon ke riƙe da mu ba. Ita da ƙyar take kai loma, ta ce yana zauna mata a ƙirji. Abin da ke riƙe da mu shi ne na safe da na rana, wanda ba mai gani, kuma shi ba shi da wuya ko kaɗan. Da safe ciwon ya fi tsanani, ba kuma halin ta sha ƙwaya sai ta sa wani abu a ciki, don haka duk abin da zai ɗau lokaci ba namu ba ne. Ita ta tsara komai daga inda take zaune, bayanta jingine da bango. Kafin mu kwanta in jiƙa tsamiya a ƙoƙo, in jiƙa wake a wani. In na dawo masallaci da safe in hura gawayi a kurfoti, in ɗora ruwa. Yana yin ɗumi in ɗiba in zuba mata a roba ta tsoma hannu. Sauran ya tafasa in dama kunu da garin gero da 'yar citta. Kafin ruwan robar ya huce kunu ya sauka. Ta sha, ta haɗiye ƙwaya, mu zauna mu jira yatsun su saki.

Da rana wani lokaci kwaɗon zogale. A tafasa ganyen, a matse, a barbaɗa garin ƙuli, a yanka albasa da tumatir in akwai. Ƙulin a dake nake sayowa, turmi a gidanmu kife shi aka yi ya zama kujera. Na gwada ɗanwake sau ɗaya ya narke ya koma kunu, ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, ban sake ba. Abin da ya fi karɓarta fate. Tukunya ɗaya, ba tuƙi, ba miya daban. A zuba jiƙaƙƙen wake ya fara nuna, a sa albasa da daddawa da ɗan attarugu, a barbaɗa tsakin masara ana juyawa da ludayi, hannu ɗaya ma ya isa. In ya fara kauri a watsa rama ko alayyahu da 'yar yakuwa, a sa garin gyaɗa maimakon mai, a rufe. Shi ke nan. Daddawa in ta ji, ba ka neman magi. Ganyen ita ke tsinkewa in hannun ya yi ɗumi, gishiri kuma ita ke ɗanɗanawa, don ni hannuna nauyi gare shi. In ta ci wannan sai ka ga fuskarta ta sake, har ta samu bakin yi mani tsiya.

Na ce mata, "Me zai hana mu fitar da faten nan da dare mu huta?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Fate da dare, gaban maza? Ka taɓa ganin gidan da mace ke kan ƙafarta an fitar da fate ciyayya? Kafin gari ya waye Yaya ya ji."

Gaskiyarta. A wajenmu dare na tuwo ne. Fate abin rana ne, na mata da yara, ko na gidan da hatsi ya yi ƙasa. Muka ci gaba. Tuwona ya gyaru, gudaji ya ɓace, har wanzami ya ce uwargida ta huce. Amma malmalar nan da gurbin nan suna cin ta. Duk sauƙin da ta samu da rana, da yamma sai ta mayar da shi cikin ƙoƙo. In na dawo daga ciyayya in tarar ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa, sai na kai mata baki. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce in bar ta da abu ɗaya da ya rage mata.

Ranar da abin ya fashe ranar kasuwa ce, cikin damina. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, irin ranar da ciwon ya fi so. Tun safe yatsun ba su saki ba, duk da ruwan ɗumin. Na dawo da wuri. Ina jingine babur na ji sallama a bayana, na juya, sai ga yayanta. Ya kawo tumaki kasuwa, ciniki ya ja shi, kuma ba mai bin hanyar Zakka in rana ta yi sanyi. Zai kwana a gari wajen wani abokinsa. Ya ce bari ya ga Auta, haka yake kiranta.

Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya mutanen can, ya haƙuri da zaman gari. Na shimfiɗa mashi tabarma a tsakar gida, don ba wani wurin. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ni kaɗai na san abin da durƙuson nan ya ci mata. Hannu na cikin mayafi.

"Auta, an ce mani jikin naki ya matsa."

"Da sauƙi, Yaya. Mutane ne da ƙari."

"To madalla."

Muka je la'asar muka dawo tare. Na zaci zai wuce wajen abokin nasa. Sai ya sake zama, ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa. Ya ce ya daɗe bai ci tuwon Auta ba, irin na tsohuwa mai gurbi, yau sai ya ci. Yana maganar yana kallonta. Na gane mutumin nan ba tumaki kaɗai suka kawo shi ba.

Na faɗi girman tsakar gidan nan. Ga kurfoti, ga tabarma. Ba inda zan ɓuya in tuƙa. Ta tashi. Na ce bari in hura mata wuta, wannan namiji na iya yi ba a ce komai ba. Na ɗora mata ruwa ma, na koma na zauna kusa da shi. Yana ba ni labarin tsadar taki, ina cewa haka ne, haka ne, ban ji ko ɗaya ba.

Ruwa ya tafasa. Ta juya mana baya, ta kai hannu za ta ɗauke murfi, yatsu suka ƙi kamawa. Ta ture shi da wuyan hannu ya faɗi ƙasa da ƙara. Yayan bai daina maganar taki ba. Ta jawo ƙwaryar gari. Ta ɗauki muciya, ba da yatsu ba, ta matse ta tsakanin tafin hannu biyu. Muciyar ta zame. Ta sunkuya ta sake ɗauka. Ko talge ba a kai ga yi ba, balle tuƙi, balle malmala.

Na san in na zauna za ta yi. Na san halinta. Za ta tuƙa tuwon nan ko hannun zai karye, ta yi gurbin, yayanta ya ci ya tafi, ita kuma ta yi kwana da kwanaki ba ta motsi. In kuma na tashi, na ba shi abin da ya zo nema da hannuna. Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi ƙarya. Muciyar ce ta sake zamewa, sai na gan ni a tsaye.

Na tuɓe riga na rataye a kan langa-langa, gaban surukina. Na ɗauke muciyar na jingine ta a bango.

"Koma ki zauna."

"Malam, don Allah."

"Ki zauna na ce. Yau fate za a ci."

Maganar taki ta tsaya. Na ɗibi ruwan zafi na surka a roba na ajiye a gabanta, kamar kullum. Na zuba waken da ya rage a jiƙe tun na rana, na yanka albasa, na marmashe daddawa. Ta daɗe tana kallon robar. Sannan ta fito da hannayen daga mayafi ta tsoma. Lokacin ya gan su, yatsun sun kumbura sun karkace kamar citta. Ya yi salati a hankali.

Ina barbaɗa tsaki sai na ji ta ce, "Rage wutar, zai kama." Bakinta ne ya saba. Na rage. Na watsa rama, na kai mata ludayi baki ta ɗanɗana, ta ce ya ji. Kafin ladan ya taɓa lasifika na sauke. Na zuba mata, ta ci, ta sha ƙwaya.

Sai yayan ya yi gyaran murya.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu, Yaya," na ce.

"Kuka ɓoye mani. Ƙanwata na cikin wannan hali, ni ina can da mata cike da gida." Ya dubi singiletina, ya kau da kai. "Gobe da safe ki shirya, Auta. Zan samo mota."

"Yaya, ka yi mani rai."

"Ba ki da ta cewa. Me za a ce da ni? A ce ina raye mijinki na riƙe da ludayi?"

"A ce mana." Ban taɓa jin ta mayar mashi da magana ba sai ran nan. "Yaya, ka tuna Gwaggo. Wa ya taɓa tambayarta gishiri ya ji ko bai ji ba? A can kwano za a miƙo mani in ce na gode. Nan tukunyata ce. Hannun ne nashi, girkin nawa ne."

Aka kira sallah. Ya sa takalmi ya fita, bai ce ya fasa ba.

Bayan magariba na shigo. Ta ce kada in fitar da komai, in ce yau ba ta jin daɗi. Na ce ƙaryar ta ishe ni haka. Na zuba fate a babban kwano, na rufe da faifai, na fita da shi. Yayan na zaune cikin mutane, an ba shi wuri mai kyau saboda baƙo ne. Wanzami ne ya buɗe, dama shi ke buɗe kwanon kowa.

"A'a! Na Wagini, fate? Ga babban baƙo daga garin su uwargida, a tarbe shi da abincin yara?"

"Ni na dafa," na ce. "Hannunta ya daɗe da kasawa. Tuwon da kuke ci ma duk ni ke tuƙawa. Mai ci ya ci."

Wani ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. Sai wanzami ya buga cinya.

"Salansa! Wallahi na san ba salansa ba ce! Ashe duk tsawon nan tuwon ƙato muke ci, muna sa wa baiwar Allah albarka!"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Wani dattijo da ke gefen liman ya janye hannunsa ya jira kwano na gaba, har yau kuma bai sake sa hannu a nawa ba. Fate mai zafi ba a cin shi da hannu, ni kuma ban fito da abin sha ba, ban saba ba. Sai da liman ya shiga gida ya ɗebo ludaya. Yayan ya karɓi ɗaya. Ya ci, ya ci da yawa kuwa, ina kallo. Da aka watse ya wuce wajen abokinsa, ko sai da safe bai ce mani ba.

Muka kwana ba mu san matsayinmu ba. Ta sa na ɗaure mata kayanta a zane, ta ce in ya zo da mota ba za ta tsaya ana jan ta gaban mutane ba.

Da hantsi ya zo, a ƙafa, ba mota. Ya ƙi zama. Ya ajiye leda a bakin ƙofa, tsakin masara ne da daddawa da busasshen zogale. Ya kira ni waje.

"Ban ce na yarda ba," ya ce. "Abin kunya ne, kuma kai ka jawo mana. Amma na ga ta ci, na ji ta yi magana da ƙarfinta. Zan bar ta. Sai dai ka ji sharaɗina. Namiji ba ya jure tukunya, na san wannan. Ranar da ka gaji, kada ka wulaƙanta mani ita, kada ka ɗaure mata fuska. Ka kira ni kawai in zo in ɗauki abata. Zan riƙa tambayarka."

Na ce to.

Yana kau tambaya. Duk Juma'a bayan an sauko zai kira, a gaisa, ya ce, "To, ka gaji?" In ce a'a. Ya ce madalla, ba ni Auta.

Yanzu ban sa sakata. Tuwo sai ranar da na ga dama, kuma ba gurbi. Unguwa kaf Uwargida suke kirana, wanzami ya raɗa mani sunan, sunan ya bi ni har tashar babur. Matan maƙwabta sun fara shigowa su kama mana aiki, matar wanzamin kan kawo miya wani lokaci, amma kowa da nauyin da ke kansa, ba mai ɗauke maka na kullum. Ciwon bai tafi ba, ya ma shiga kafaɗa. Har yanzu ban wuce inda zan iya dawowa kafin lokacin ƙwaya. An ce wasu sun fara leƙa gonakinsu ta wajenmu, su ɗan kwana su dawo. Wani tsohon maƙwabcinmu ya ce in zo mu je mu ga abin da ya rage. Na ce mai ya ƙare.

Gaskiya na gaji. Bayana na ciwo, hayaƙi ya ci mani ido, wata rana in na tsuguna gaban kurfoti ji nake kamar kada in tashi. Ba wanda zan gaya wa. In na gaya wa wanzami, matarsa ta ji. In na gaya wa ɗiyata, ta kira kawunta tana kuka. Ita kuwa 'yar Zakka ba sai na faɗa ba, tana gani. Ƙullin kayanta na nan a kan akwati tun wancan lokacin, ta hana ni kwancewa.

Rannan ina juya tukunya ta ce, "Malam, in Yaya ya kira ran Juma'a, ka faɗa mashi gaskiya. Ba zan riƙe ka ba."

Na ɗebo a ludayi, na hura, na kai mata baki. Na ce, "Ɗanɗana ki ji gishiri."

Ta ɗanɗana. Ta ce na cika hannu, kamar kullum. Na ƙara ruwa.